Tambayi Magini: "In na yi ginin ƙasa ba za a ce na ci baya ba?"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kukansu ɗaya ne, siminti ya yi tsada, ɗaki ya yi zafi, tsohon gida yana zubewa. Na zaɓi guda shida, sauran in Allah ya kai mu fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni malamin firamare ne, shekara takwas ina adashi har Allah ya sa na samu fuloti a wajen Dakace, to yanzu maganar gini ce ta tsaya min a rai, duk sanda na tara kuɗin siminti buhu hamsin kafin in kai kasuwa sai in tarar kuɗin bai wuce na buhu talatin ba. Wani abokina ya ce in yi da bulon jar ƙasa irin wanda ake matsewa da inji wai ya fi sanyi kuma ya fi sauƙi, ni kuma gaskiya tsoro biyu nake ji, na farko kar damina biyu ta kwantar min da shi, na biyu kuma bakin mutane, don ko uwargida da na gaya mata cewa ta yi ita fa ba za ta bar gidan haya na siminti ta koma gidan ƙasa ba 'yan uwanta su ce mun ci baya. Don Allah a ba ni shawara tsakani da Allah.
Daga wani malamin makaranta, Tudun Jukun.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka a fulotin nan ya sa a shiga da rai da lafiya. Bari in fara da tsoron na biyu don shi ya fi nauyi, kusan duk wanda ya zo min da maganar bulon ƙasa ba ruwan sama ne ke hana shi barci ba, abin da dangi za su ce ne. Kuma kar ka ga laifin uwargida ko kaɗan. Abin da ta sani da sunan gidan ƙasa shi ne wanda ta taso tana gani a unguwa, gindin bango ya zaizaye, gara ta cinye azara, duk watan Agusta ana kwana ana tara kwanoni a tsakar ɗaki. Wanda ya ga wannan dole ya ce shi dai a ba shi siminti.

Amma abin da ke damuna, kuma wallahi yana damuna sosai, shi ne a ce wai a Zariya ake jin kunyar ginin ƙasa. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da tubali da azara kawai, babu rodi ko ɗaya babu siminti ko cokali guda, ya ɗaga bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, da tulluwa irin waɗanda har yau masu karatun zanen gine-gine ke tasowa daga ƙasashe su zo kallo, har kwatankwacinsa aka gina a gidan tarihi na Jos. Ka leƙa Wusasa ma, tsohuwar majami'ar da aka gina da ƙasa tun 1929 tana nan tsaye. In kuma za a ce ai wannan aikin mutanen da ne, to a Nijar, a garin Dandaji na jihar Tawa, wata 'yar ƙasar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou, tare da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci a 2018 da irin bulon nan da abokinka ke faɗa maka, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya koma ɗakin karatu. Ka nemi hotunan a waya ka nuna wa uwargida, babu wanda zai kalli ginin nan ya ce na talauci ne.

To yanzu maganar ruwa. Bulon da ake matsewa da inji daban yake da tubalin da muka sani. Tubali da hannu ake mulmula shi a shanya a rana, shi kuma wannan jar ƙasa ce ake tankaɗewa a haɗa ta da siminti ɗan kaɗan, kamar awo 1 na siminti cikin awo 12 zuwa 20 na ƙasa gwargwadon kyawun ƙasar, a yayyafa ruwa sama-sama sannan inji ya danne ta da ƙarfi, ya fito da kusurwa tsaf kamar an yanka da wuƙa. Akwai injin hannu da mutum biyu ko uku za su iya aiki da shi, akwai mai amfani da dizal irin na kamfanin Hydraform na Afirka ta Kudu, kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wato NBRRI da aka kafa a 1978, ita ma ta daɗe tana ƙera irinsa. Wani bulon ma mai haƙori ne, yana shiga cikin ɗan'uwansa, kwaɓin da za a sa tsakani kaɗan ne ƙwarai.

Inda mutane ke faɗawa rami wuri uku ne, kuma ina roƙonka ka riƙe su. Na farko ƙasar kanta, ba kowace ƙasa ke yi ba. Ƙasar sama ta noma mai baƙi-baƙi da saiwoyi a ciki sam ba ta yi, sai an yaye ta an kai ga ja. Ka samu kwalba mai haske ka zuba ƙasar kamar rabi, ka cika da ruwa ka sa ɗan gishiri ka girgiza sosai ka ajiye ta kwana, da safe za ka ga ta rabu hawa-hawa, yashi da tsakuwa a ƙasa, yumɓu a can sama. Abin da ake so yashin ya fi rabi, yumɓun kuma kar ya wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar, in ya yi yawa bulon zai tsattsage in ya bushe, sai a ƙara yashi. Na biyu ruwan kwaɓi, ba a jiƙa ta kamar ta tubali, ka dunƙula a hannu ka sake ta daga daidai ƙugunka, in ta faɗi ta rabu gida huɗu ko biyar to ta yi, in ta baje kamar gari ruwa bai isa ba, in ta manne a dunƙule ya yi yawa. Na uku, kuma nan ne aka fi cutar masu gida, shi ne jinyar bulo bayan an buga. Tunda akwai siminti a ciki ba a shanya shi a rana, rufe shi ake da leda ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla sati biyu, kuma sai ya cika kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Na taɓa zuwa wani aiki na tarar an buga bulo da Litinin an fara ɗora shi ranar Alhamis don mai gida na sauri, damina ɗaya gefen bangon ya fara marmashewa, sai aka yi ta yawo da magana wai bulon ƙasa ba ya yi, alhali ba laifin ƙasa ba ne. Kai da kanka za ka iya gwadawa, ka ɗauki guda biyu cikin waɗanda suka cika kwanakinsu ka tsoma a bokitin ruwa kwana ɗaya, mai kyau zai fito yadda ya shiga. In kana son ƙarin natsuwa ka kai samfuri sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ka nemi a gwada maka ƙarfinsa.

Sannan shi ginin, ruwa ta hanya biyu yake cin bangon ƙasa, ta sama da ta ƙasa. Zariya muna samun ruwan sama kusan milimita 1000 a shekara kuma yawancinsa a 'yan watanni yake sauka, ga shi da iska yake zuwa yana dukan bango. Don haka fandisho kar ka yi masa rowa, a yi shi da dutse ko bulon siminti da kankare, a ɗaga shi sama da ƙasa aƙalla ƙafa ɗaya da rabi, a shimfiɗa leda mai kauri da ke tare danshi kafin a fara ɗora bulon ƙasa. A zagaye saman tagogi da lintal na rodi da kankare yadda aka saba. Rufi kuma a bar masa baki ya fito kamar ƙafa biyu zuwa uku daga bango. Wannan yayin da ake yi yanzu na ɓoye kwano a bayan bango don gida ya yi kama da na Abuja, ka rabu da shi, bai dace da ginin ƙasa ba.

Maganar kuɗi kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Za ka ji ana cewa wai rabin kuɗi za ka kashe, ni ban yarda a yi wa mutum wannan alkawarin ba, don bulon ƙasa cikakke ne ba shi da rami a ciki kamar na siminti, saboda haka simintin da yake ci ba kaɗan ba ne kamar yadda ake zato. Inda sauƙin yake shi ne in aikin ya fita da kyau ba ka buƙatar filasta a waje, ba ka buƙatar fenti, tifar yashi ta ragu sosai, in kuma ƙasar fulotinka ta yi to ramin masai da na fandisho ma sun ba ka wani abu. Tun da buhu ya haura naira dubu goma a 2024 duk buhun da ka tsallake riba ce. Kuma akwai abin da ya wuce aljihu, shi siminti dutsen farar ƙasa ake ƙonawa a zafin da ya kai digiri 1450, hayaƙi na fita daga makamashin yana kuma fita daga dutsen kansa, har masana suka ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki duniya daga siminti take, ga tirela da za ta ɗauko shi tun daga Obajana ko Ashaka ko Sakkwato, ga yashin da ake ta kwasa a rafukanmu har gaɓa na zubewa tana cin gonakin mutane. Ba cewa nake a daina amfani da siminti ba, a fandisho da lintal babu kamarsa, cewa nake a sa shi inda ya zama dole.

Ita kuma uwargida kar ka tsaya musu da ita, gani ya kori ji. Ka nemi gidan da aka yi da irin bulon nan ka kai ta da azahar a watan Afrilu ta zauna a ciki minti goma. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki rana ta faɗi, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. In ta amince ka fara da katanga ko ɗakin ajiya, damina ɗaya ta wuce a kai kowa ya gani da idonsa. Kuma ka nemi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kafin ka sa harsashi.

TAMBAYA: Baba Injiniya ina wuni. Mu gidanmu sabo ne a Hanwa shekara biyu da tarewa amma wallahi daga Maris zuwa Mayu ɗakin kamar tanda, fanka ma iska mai zafi take kaɗowa in an kawo wutar kenan, yarana duk ƙuraje sun feso musu, maigidan ya sa baƙin kwano mai tsada don ya fi kyau. Akwai abin da za a yi ko sai an sayi esi?
Daga Maman 'yan biyu, Hanwa.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya ba yaran lafiya. Kin riga kin faɗi rabin amsar da bakinki, baƙin kwanon nan. Ki tuna yadda baƙar abaya take miki a rana da yadda farin mayafi yake, to haka rufi yake, baƙi yana zuƙe zafin rana fari yana mayar da shi, kuma a gida mai hawa ɗaya yawancin zafin ta rufi yake shigowa ba ta bango ba. Ba sai an cire kwanon ba, akwai farin fenti na rufi da ake shafawa, wannan kaɗai za ki ji bambanci.

Abu na biyu a sa kafinta ya hau ya duba tsakanin kwano da silin. Yawancin gidajen da ake yi yanzu toshe wurin ake yi ruf, iska mai zafi ta taru ba ta da hanyar fita, sai ta yi ta gasa silin har tsakar dare. A buɗe ƙananan kafofi a gefe biyu masu fuskantar juna a sa musu raga saboda jemage da ɓera, zafin zai riƙa fita da kansa. Wannan dabarar ce wani mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya yi a makarantar firamaren ƙauyensu Gando a 2001, ya yi bango da silin na ƙasa sannan ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafa iska na wucewa tsakani, yara na karatu babu fanka, kuma irin wannan aikin ne ya kai shi ga Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu. In da hali a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano. Wasu na shimfiɗa zana ko buhunan ɓuntun shinkafa a kan silin, yana tare zafi kam, amma ni ina ɗari-ɗari da shi saboda wayar wuta da ke bi ta wurin, gobara ba ta sallama. Saboda wannan dalilin ne ma ba na son silin roba, in wuta ta kama narkewa yake yana ɗiga ga hayaƙi mai guba.

Sai tsakar gida. In an malale ta duka da siminti ko intalok to kun ajiye kasko a ƙofar ɗaki, da rana ya ɗauki zafi da dare ya sake muku. A fasa wani gefen a bar ƙasa, a dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma inda ranar la'asar ke dukan bango, amma a ja da shi nesa da fandisho kamar taku biyar ko shida saboda saiwa. Kafin bishiya ta girma ko rumfar zana ce a kafa ta wannan gefen. Da dare a buɗe tagogi biyu masu kallon juna, da safe kafin rana ta yi zafi a rufe a saki labule. Ki gwada waɗannan tukuna kafin maigida ya shiga bashin esi da kuɗin man janareto.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, gidanmu na gado ne a cikin birni wajen Ƙofar Kuyambana, zauren tun na kakan babanmu ne da bakan gizo a ciki. Shekara uku da suka wuce muka haɗa kuɗi muka yi masa filasta da siminti don ya huta da yaɓe, yanzu filastar tana ɓamɓarowa faifai-faifai tana tahowa da ƙasar bango, ƙannena sun ce a rushe kawai a yi na bulo. Ni raina bai so.
Daga wani ɗan kasuwa, cikin birnin Zariya.

AMSA: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ranka bai so ba, don Allah kar ku rushe. Zaure mai bakan gizo in ya tafi ya tafi kenan, maginan da suka iya ɗaurin guga, wato irin wannan rufi na bakan gizo, yanzu 'yan kaɗan ne suka rage kuma yawancinsu sun manyanta. Ni a irin wannan zauren na yi karatun allo, duk sanda na wuce na ga an baje wani an kafa shaguna sai in ji kamar an yi mana rasuwa.

Abin da ya faru da bangonku ba baƙon abu ba ne. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, tana ɗan kumbura da damina ta koma da rani, siminti kuma sandararre ne ba ya bin ta. Da ya ɗan tsage sai ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye kuna ganin waje lafiya lau, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga to ya riga ya rabu da bangon, a cire shi a hankali da rani, a bar bangon ya sha iska, a cike ramukan da irin ƙasarsa da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana biyu tana ruɓa. Magabata da makuba suke shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufin soro kuma su yi masa laso, wato haɗin katsi, abin da ke taruwa a ƙasan ramin rini na marina, da gashin da ake cirewa wajen jimar fata da tsiron dafara, kuma yana tare ruwa shekaru kafin a sabunta. Da marina suka mutu katsi ya yi wuya, shi ya sa laso ya ɓace, amma makuba har yanzu ana samu a ƙauyuka. In ba a samu ba a yi yaɓen ƙasa da yashi da farar ƙasa, ita tana barin bango ya fitar da danshi. In kuma ƙannenka sun dage sai siminti, to a kafa ƙusoshi a ɗaura waya irin ta kejin kaji sannan a yi kwaɓi mai raunin siminti, amma wannan zaɓi na biyu ne a wurina.

Ka duba indararo, nan ne ajalin yawancin soraye. Ya zama dogo yana zubar da ruwa nesa da bango, kuma kafin kowace damina a hau a share a toshe tsaga. Gindin bango ta waje a yi masa dakali da gangare ruwa ya riƙa gudu zuwa kwata. Azara kuma a soka mata wuƙa a gani, in ta shiga to gara ta yi aiki, a canza ta da ta giginya namiji wadda ta ƙosa, ita ce gara ba ta iya wa da sauƙi. Ka nemi tsohon magini na gargajiya ya jagoranci aikin, ka haɗa shi da yara matasa su koya, a fara tambaya ta unguwar Babban Gwani.

TAMBAYA: Malam, tsohon kwatas muke haya a Samaru silin ɗin na asbestos ne ya fashe a wasu wurare, wani ya ce min yana sa ciwo, gaskiya ne?
Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: Gaskiya ne ƙanwata, kuma ba ƙaramin ciwo ba. Asbestos in yana zaune lafiyarsa ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma in ya fashe ko aka huda shi ko aka yanka, yana sakin ƙura mai siraran zare da ido ba ya gani, in ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon huhu da ciwon daji, kuma sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye ciwon ke bayyana. Ƙasashe sama da 50 sun haramta shi. Kar ki share garinsa a bushe, ki yayyafa ruwa ki kwashe da jiƙaƙƙen tsumma ki ƙulle a leda, ki rufe hanci da baki. Ki yi wa mai gidan magana a shafe wuraren da suka tsage da fenti ko a canza, in za a cire a jiƙa shi a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da an farfasa ba, kowa ya fita daga ɗakin. Kuma don Allah ɓaraguzan kar a bar yara su yi wasa da su, kar kuma a ɗora a murhu, na sha ganin ana haka.

TAMBAYA: Yallaɓai na ga bidiyon gidan da aka gina da robobin ruwa a Facebook, da gaske ne ko haɗi ne?
Daga wani matashi, Sabon Gari.

AMSA: Da gaske ne ɗana, kuma ba nisa, a ƙauyen Sabon Yelwa kusa da Kaduna aka yi shi tun 2011. Robar ake ɗurawa yashi a danna ta cika tam, a jera a kwance kamar bulo, a ɗaure wuyoyin da igiya a cike tsakani da kwaɓin ƙasa. Yana da ƙarfi, kuma ya rage robobin da ke toshe mana kwata. Sai dai gida guda na cin dubban robobi kuma ɗurawar aiki ne ja, sannan dole a yaɓe bangon don rana na cinye roba. In kana sha'awa ku haɗu da samarin unguwa ku fara da dakalin zama ko banɗakin makarantar allo.

TAMBAYA: Injiniya mu matsalarmu ruwa ce, kuɗin 'yan garuwa ya ishe mu, ga shi da damina ruwan kwano sai dai ya cika mana lungu. Tankin tara ruwan sama yana da amfani kuwa?
Daga wata Hajiya, Gyallesu.

AMSA: Sosai ma Hajiya, bari in yi miki lissafi. Duk milimita 1 na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ce. In rufinki ya kai murabba'in mita 100, wato kamar gida mai ɗaki uku, a shekara kusan lita 100,000 ke sauka a kansa, jarka 4,000 kenan mai cin lita 25, ko an cire wanda ya fantsale abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Ba za ki iya tara shi duka ba, amma ko tanki mai lita 2,000 ne zai ɗauke miki wanki da wanke-wanke da banɗaki duk tsawon damina don yana ƙarewa wani ruwan na sake cika shi. A sa makwarara a bakin kwano da raga mai tare ganye, ruwan farkon damina da na mintunan farko na kowane ruwa a bar shi ya zube don shi ke wanke ƙura da kashin tsuntsaye. Tankin ya kasance a rufe ruf saboda sauro da kuma yara, a ɗora shi a kan dakali mai ƙarfi a inuwa don lita 2,000 nauyin tan 2 ne. Na sha kuma sai an tafasa ko an sa maganin tace ruwa, in kuma rufin na asbestos ne ko mai tsohon fenti da ke ɓarewa to a bar ruwan wa wanki da ban ruwan shuka kawai. Wanda ya yi ambaliya daga tankin a ja masa bututu zuwa gindin bishiya ko wani rami da aka cika da tsakuwa nesa da bango, ya nutse a nan cikin gida maimakon ya fita lungu.